Maɗori ko Mai Fito

An ce a garin Tudun Marke an yi wani sarki, Barau, mai saurin fushi da saurin rantsuwa. Wata Juma'a maɗorin garin, Ɗantani, da mai fito, Nomau, suka yi cacar baki a fada kan wanda zai fara gaisuwa. Sarki ya fusata, ya rantse gobe zai auna su, wanda ya gaza amfani ya tattara komatsansa ya bar garin.

Labari ya iske kakar Sarki, Tabawa, hankalinta ya tashi, don ta san kowanne aka kora gari ne zai ji a jikinsa. Ta dogara sandarta har gaban Sarki. Da yake tsakanin kaka da jika akwai wasa, ita kaɗai ke faɗa masa magana son ranta.

Ta ce, "Angona, na ji za ka yi awo. Allah ya sa kada ka yi irin na Jatau."

Sarki ya ce, "Wane Jatau kuma, tsohuwa?"

Ta ce, "Wani manomi ne mai saniya da kare. Rannan rowa ta motsa masa, ya ce baki biyu sun yi masa yawa. Ya ɗauko ƙwarya ya ce wanda bai cika ta da nono ba, ya kama gabansa. Saniya ta cika, kare kuwa sai kaɗa wutsiya. Matarsa Kande ta ce, 'Maigida, tsaya ka ji abin da ya sami Ladi mai sikeli.' Ya ce, 'Faɗi, ina ji.'

"Kande ta ce, 'Ladi ta ɗora galma da allura a sikeli. Galma ta rinjaya, sai ta yi tsaki ta wurgar da allura cikin juji. Washegari ƙaya ta shige mata tafin ƙafa. Ta dubi galma, galma ta dube ta! Haka ƙafar ta kumbura, damina ta wuce ba ta yi noma ba. Maigida, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ba a neman nono wurin kare.'

"Jatau ya ce zancen mata ne, ya kori kare. Ba a kwana uku ba kura ta shigo garke ba mai haushi, ta yi gaba da saniyar. Ga ƙwarya, ba abin tatsa. To, angona, da wace ƙwarya za ka auna mutanen nan? In da kwalekwale ne, Ɗantani ya faɗi. In da karan ɗori ne, Nomau ya faɗi. Ran da ka karye, sai ka kira mai fito ya ɗora ka."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki kuwa sai ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Kin kayar da ni, Kaka. Ba mai barin garin nan. Su riƙa gaisuwa tare. Amma rantsuwata fa?"

Daɗi ya kama tsohuwa, ta rangaɗa guɗa har da jefar da sanda. Ta ce, "Kaffara za ka yi, ka ciyar da miskinai goma. Ka nemo tara, ni ce ta farko!"