Gaisuwar Sallar da Isiyaku Ya Katse

Akwai wani dillalin shanu a Wudil, Isiyaku sunansa, mazaunin Sabon Gari. Mutum ne da bakinsa ke ci da shi. In ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, kafin ka haɗiye yawu ya sa an sallama. Kuma ya san ya iya, shi ya sa ba ya jiran kowa ya kai ƙarshen zance.

Sai Allah ya ba shi 'ya mai in'ina, Khaulat. Yarinya ce mai hankali, amma kalma ɗaya sai ta maƙale mata, ta runtse ido tana bubbuga ƙafa kafin ta fito. Ba ƙin ta Isiyaku yake ba, kunya yake ji. Da ta buɗe baki sai ya ƙarasa mata, ya ce ta wuce.

A makarantar su Khaulat akwai Malama Mas'uda, wadda ke tara yaran da magana ke yi wa wuya bayan an tashi, tana koya musu. Da azumi ya yi nisa sai ta fito musu da wasan Sallah. A shimfiɗa tabarma, wata ta yafa mayafi ta zama kaka, wani ya ɗora hula ya zama maigida. Sauran su riƙa ɗauko kwano ɗaya bayan ɗaya, kamar an aike su kai tuwon Sallah: su yi sallama, su durƙusa, su yi gaisuwa, su jira amsa.

Doka ɗaya ce a wasan. Wanda kwano ke hannunsa ba a katse shi, ba a ƙarasa masa, ba a yi masa dariya, sai ya ajiye.

Khaulat ta ɗauki abin da gaske. Mahaifiyarta Barakatu ta gaya wa Isiyaku cewa ko wanke-wanke yarinyar take tana maimaita gaisuwar ƙasa-ƙasa, kuma yarinyar ta ce bana ita za ta kai wa Baba tuwonsa zaure, ta gaishe shi da bakinta. Malama ma ta aiko a roƙe shi ya yi haƙuri ranar, ya bar ta ta kai ƙarshe. Ya ce ya ji, alhali idonsa na kan waya.

Ranar Sallah, an sauko daga idi, zaure ya cika da abokan sana'arsa. Khaulat ta shigo da sabon ɗinki da lalle, kwano a hannu biyu, ta durƙusa.

"B-b-baba, b-b-bar..."

Ya'u, abokin dillancinsa, ya kau da kai yana murmushi. Isiyaku ya gani, ya ji kunya ta rufe shi.

"Barka da Sallah, mun ji," ya ce. "Ajiye ki tafi, kada tuwon ya huce kafin ki gama."

Zaure ya kwashe da dariya. Wallahi jama'a, ni wannan wurin ne ke yi min ciwo, domin yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kwanon a hankali, ta miƙe, ta shige gida.

Tun daga ranar Isiyaku bai sake jin muryarta ba. In ya kira ta sai ta zo ta durƙusa, ta ɗaga kai ko ta girgiza. Da aka koma makaranta ta daina tsayawa wurin Malama Mas'uda. Malamar ta tako har gida, ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Amma abin yana damunsa. Ya sayo mata takalmi, ta karɓa da hannu biyu, ba ta ce uffan ba. Ya san abin da ya kamata ya faɗa mata, girman kai ya ce ya bari sai gobe.

Ana cikin hada-hadar ragunan babbar Sallah ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka dawo da shi daga asibiti bakin nan ya karkace, harshe ya yi nauyi.

Ranar layya aka jingina shi da matashi a zaure, 'yan gaisuwa suka cika. Ya buɗe baki yana so ya ce a kira masa Khaulat, kalmar ta ƙi fita. Ya'u ya ce ruwa yake so. Wani ya ce a'a, zafi ne, a yi masa fifita. Kowa na ƙarasa masa don tausayi, ba wanda ya jira. A nan Isiyaku ya ɗanɗana abin da 'yarsa ke sha tun tana ƙarama, baƙin ciki ya cika masa ƙirji.

Sai ga Khaulat da kwano, uwarta ta aiko ta. Ta tsaya tana kallon yadda ake yi da shi. Maimakon ta ajiye a ƙasa, ta ɗora kwanon a cinyarsa, ta kama hannunsa mai lafiya ta aza a kai, sannan ta juya ga Ya'u.

"K-k-kawu, a b-bar shi. K-kwano na hannunsa."

Isiyaku ya yi ta fama, yawu na zuba, gumi na keto masa, ita kuma tana durƙushe tana jira. Da ƙyar ya fitar da maganar: "Ya... fe... min."

Ta ɗauke kwanon ta riƙe, ta fara gaisuwar da take ɗauke da ita tun ƙaramar Sallah. In'inar ta fi ta baya tsanani, saboda daɗewar da ta yi ba ta magana. Ya saurare ta har ƙarshe. Ko da yana son katse ta yanzu, babu bakin.

Ta gama, ta jira amsa kamar yadda Malama ta koya musu. Amsar da ya kamata ya ba ta ita ce, "Barka kadai, Allah ya yi miki albarka." Da can da numfashi ɗaya zai faɗe ta. Ya neme ta, ya neme ta, ba ta fito ba, sai hawaye. Har yau bai iya faɗa mata ba.

Darasi: In mai nauyin baki ya fara magana, ka jira shi ya gama, musamman in ɗanka ne. Kada kunyar idon mutane ta sa ka kashe masa gwiwa, kuma in ka yi kuskure ka nemi gafara tun bakinka na iyawa. Ku tura wa iyaye da malamai, wataƙila akwai wata Khaulat a gidansu.