Hannun Abba a Wayar Auta

Akwai wani mai kemis da yake da 'ya, kowa a gidan yana kiranta Auta. Yarinyar tana iya haɗa kalmomi, amma in ka tambaye ta me labarin ya ce, sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta. Ga jarrabawar shiga sakandare tana matsowa.

Malamar ajinsu ta sa mata wata manhaja a wayar uban. Manhajar takan ba yaro gajeren labari, ta yi masa tambayoyi. In ya kuskure, sai ta sauƙaƙa ta yi masa bayani. In ya ci, ta ƙara masa nauyi.

"Ku bar ta ta yi kuskurenta," in ji malamar. "Da shi manhajar take gane inda take da rauni."

Bayan makaranta, Auta takan zauna a bayan teburin kemis ɗin, tsakanin kwalayen magani, tana bin layi da yatsa. Wata rana uban ya leƙa, ya ga labarin kyanwa da ƙwallo take karantawa.

"Wannan ai na 'yan aji biyu ne! Kawo nan."

Ya daddanna amsoshin da kansa, taurari suka cika fuskar wayar. Ya ɗauki hoto ya tura wa dangi. Yayarsa ta rubuto, "Ashe farfesa kuka haifa!"

Abin ya yi masa daɗi. Daga nan, da Auta ta tsaya tunani, sai hannunsa ya iso.

Matarsa ta ce, "Abban Auta, wai kai ne za ka shiga sakandaren?"

"Ke dai ba ki san zamani ba," ya ce yana dariya.

Manhajar kuwa ta gaskata amsoshin. Ta daina kawo bayani, ta koma jibgo dogayen rubuce-rubuce masu kalmomin da yarinyar ba ta taɓa ji ba. Auta ta daina bin layi da yatsa. Sai dai ta riƙe wayar, ta jira Abba ya sallami masu sayen magani.

Sakamako ya fito, Auta ba ta ci ba. Ƙawayenta suka ɗinka sababbin kayan makaranta, ita ta koma ajin da ta baro.

Uban ya je wa malamar a fusace, wai manhajar ta yaudare su. Ta duba matakin da aka kai, ta ɗago ta dube shi.

"Wa yake amsawa?"

Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Da ya dawo, ya mayar da manhajar farko, labarin kyanwa ya sake fitowa. Ya miƙa wa Auta wayar, muryarsa a sanyaye. "Zo ki gwada, Autata."

Ta mayar da hannuwanta baya. "Abba, ai kai ta sani. Ni ba ta san ni ba."

Darasi: Kuskuren yaro ba abin kunya ba ne, ta nan koyo yake shiga. In ka amsa masa don a yaba maka, shi ne zai zauna jarrabawa shi kaɗai. Ku tura wa duk iyayen da hannunsu ke saurin kaiwa ga wayar 'ya'yansu.