Gwauruwar da ta Fasa Adon Soronta

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana zaune da surukarta tsohuwa a cikin soro ɗaya tak. Mijinta ne ya gina soron da hannunsa kafin ya rasu. Ya jera azara, ya zuba ƙasa a kai, ya kewaye bakin rufin da gajeren bango. A jikin bangon nan, daidai saman ƙofa, ya zana kurciyoyi biyu. Kowace safiya tsohuwar takan fito ta zauna tana kallon zanen, gama shi kaɗai ya rage mata na ɗanta.

Wata rana a tsakiyar damina aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da tsakar rana gwauruwar tana tankaɗe, sai ta ji ɗigo a wuyanta. Ta ɗaga kai, ta ga rufin ya tsage, azara ta lanƙwasa tana ƙara.

Ba ta tsaya kwashe kaya ba. Ta goya tsohuwar ta kai ta zauren maƙwabta. Sa'an nan ta roƙi maigidan maƙwabtan ya je ya kira magini, wanda yake zaune a ƙetaren kogi. Mutumin ya dawo a jiƙe ya ce kogi ya cika, ya dai ƙwala kira daga gaɓa, magini ya amsa zai zo gobe in ruwa ya janye.

Maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, kwaɓa ƙasa ki liƙe tsagar daga ciki mana. Ɗigon zai tsaya, ba ma wanda zai sani."

Gwauruwar ta ce, "In na liƙe, ruwan da yake sama ina za shi?"

Ta jingina tsani a bango ta hau, amma ba ta taka rufin ba. Sai ta ga ruwa kwance a kai kamar tafki. Ta tsokani indararon da ke baya da gora, ya fitar da ɗan kaɗan ya tsaya, domin rufin ya riga ya karkata gaba. Duk nauyin ruwan ya taru a bayan zanen kurciyoyin. Ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta sauko ta ɗauki fartanya.

Tsohuwar ta hango ta daga zaure, ta ɗaga murya ta ce, "'Yata, kada ki taɓa wurin nan! Hannun ɗana ne!"

Gwauruwar ta je ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni ma mijina ne. Amma ya gina ɗakin nan don mu kwana a ciki, ba don mu tsaya a waje muna kallo ba."

Ta koma ta hau tsanin tana kuka. Ta sari bangon sau uku, kurciya ɗaya ta faɗi, ruwa ya ɓarke ya zubo tsakar gida. Azarar ta daina ƙara.

Da jin haka sai ta ajiye fartanyar, kuma a nan ne nake ƙara ganin girman matar nan. Masu ba da shawara, waɗanda ba a gan su ba sa'ad da ake neman mai hawa tsani, sai ga su sun cika gida. Wannan ya ce a zare azarar, wancan ya ce a ƙara ƙasa. Ta yi musu godiya, ta ja ƙofar soron ta rufe, ta ce, "Sauran aikin magini ne."

Kashegari magini ya iso. Ya duba sama, ya duba ciki, ya ce, "Wa ya fasa nan?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Madalla da ke, 'yata. Da kin zauna jirana, da tarin ƙasa zan tarar." Ya canza azarar, ya gyara rufin. Da ya zo kan wurin da ta fasa kuwa, bai toshe shi ba. Ya sa sabon indararo a nan, kusa da kurciyar da ta rage.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu, akwai ruwan da yake taruwa a kan gidajenmu: fushin da ba a faɗa ba, laifin da aka ɓoye, shan giyar da maigida ya fara a asirce. Ɗigon yakan fara nunawa, a fuskar yara ko a shirun da ake yi wajen cin abinci. Mu kuwa gwanaye ne wajen liƙe tsaga daga ciki, mu sa kayan Lahadi mu zo sujada muna murmushi. Abin da muke tsoron fasawa shi ne adon da yake saman ƙofa, wato sunanmu mai kyau a idon mutane.

Ubangiji shi ne Maginin, shi kaɗai yake iya canza azarar zuciya. Ku kira shi tun da wuri, ku kira dattawan da ya ba ikkilisiya. Amma kafin taimako ya iso, akwai abin da yake hannunku. Ku fitar da marasa ƙarfi daga inda za a danne su. Ku buɗe baki ku ce, "Na yi laifi," ko, "Muna cikin damuwa." Za a ji zafi, wataƙila wani naku zai ce kada ku taɓa. In kun yi wannan, ku ajiye fartanya, kada ku karɓi aikin da ba naku ba.

Tsohuwar nan ta koma zamanta na safiya a ƙofar soron. Kurciya ɗaya take gani yanzu, amma tana da ɗakin da za ta shiga in hadari ya taso.