Kwalin Haruyasu

Wasunku sun bar wa mai kai saƙo aikin zumunci, suna kuma kiran kansu 'ya'yan kirki. Kun san kanku.

Akwai wani dattijo mai suna Tokuji, manomin shayi a gangaren Shizuoka. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo, Haruyasu, yana aiki a Tokyo. Likita ya ga ƙari a cikin tsohon, ya ce ciwon daji ne, amma tiyata za ta cire shi. Ya ce masa ya zo da wani na gida a yi bayani a gabansa.

Tokuji ya buga wa ɗan waya. "An ce in zo da wani. Amma kada ka wahalar da kanka."

"To Baba, zan duba."

Kowa a nan ya san in tsoho ya ce kada ka wahala, roƙonka yake. Haruyasu ma ya sani.

Bayan kwana uku kwali ya iso, ɗaure da zare ja da fari irin na gaida mara lafiya. Ƙwayoyi ne da aka tato daga koren shayi, wai sinadarin cikinsu yana yaƙar ciwon daji.

Maƙwabciyarsa, tsohuwa Fusae, ta juya kwalbar ƙwayoyin. "Shekara sittin kana noman shayi, yau an aiko maka shi a ƙwaya? A kwanon gwaji na masu bincike aka ga yana aiki, tsoho. Kai kwano ne?"

"Ɗana ne ya zaɓa."

"Tashi in raka ka asibiti."

"A ce ba ni da ɗa?"

Bai koma asibiti ba. Kullum da safe sai ya zuba shayi gaban hoton matarsa, ya haɗiye ƙwaya biyu, ya zauna yana kallon hanya. Duk wata sabon kwali. Haka sanyi ya wuce.

Lokacin tsinkar ganyen shayi na farko Fusae ta same shi a faɗe tsakanin kunyoyi, aka kai shi asibiti. A ranar Haruyasu ya samu jirgin ƙasa. Tafiyar ko awa biyu ba ta kai ba.

Likita ya ce lokacin tiyata ya wuce. Tokuji ya dubi ɗansa, ya sunkuyar da kai daga kan gado. "Ka yi haƙuri, na sa ka baro aiki."

Darasi: Ƙwayar ganye ba ta maye gurbin likita, kwali kuma ba ya zama kusa da uba a ɗakin jira. Ku tura wa masu aike maimakon zuwa. In ba kai ba ne, faɗa mini ranar da ka raka naka asibiti.