Yadda Dangin Kada Suka Ƙare

Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau tana da nauyi.

Ta zo mu ji ta, ko da nauyinta.

To, ku matso. Can a ƙasar Amurka akwai wata fadama, ruwa iyakar ganinka, ciyawarta na yankan mutum kamar zarto. Mutanenta wata ƙabila ce, ana ce musu Seminol. Su a wurinsu ɗa na dangin uwarsa ne, uba ba ya ba da dangi. Akwai dangin Damisa, da na Tsuntsu, da na Iska, da na Kada.

Yaƙi da sojojin Turawa ya cinye dangin Kada. Saura mace ɗaya, Nahoyi, da 'ya'yanta huɗu, maza uku da mace ɗaya, Tihoki. Kada na cikin ruwa, shi suke kira Kawu. Da Nahoyi za ta mutu ta ce masa, "Ka riƙe mini Tihoki. In babu ita, babu mu."

Ran nan da hantsi sai ga sojoji da karnuka, suna kama mutane suna zubawa a jirgin ruwa zuwa yamma. Yaran suka gudo bakin ruwa. Bayan Kada kuwa mutum ɗaya yake ɗauka.

Kada ya ce, "Tihoki, hau."

Sai ga Zomo, sarkin shisshigi. Ya ce, "Maza ake fara harbewa. Ɗauki babban."

Kada ya ɗauki babban ya kai tsibiri, ya komo. Ana jin haushin karnuka.

"Tihoki, hau."

Zomo ya ce, "Ni da na sha kabeji a gonar Turawa na san duniya. Namiji ke riƙe sunan gida."

Kada ya ce, "Wannan a gidansu ne."

"To su wa ke cin yaƙin, ku ko su?"

Kai, Kada babba da shi, ya biye wa ɓarawon kabeji. Ya ɗauki na biyu ya kai, ya komo. Yanzu har ana hango hulunan sojoji.

"Tihoki, hau."

Wannan karon Zomo ya riga ya shige rami. Tihoki ce ta ɗaga autansu da ke kuka ta ɗora. Ta ce, "Kawu, kai shi. Zan jira."

Ya kai, ya komo. Babu kowa, sai sawun takalma a taɓo. Ya bi ruwa har bakin teku. Jirgi ya yi nisa, hayaƙinsa kawai ake gani. Wadda aka kai yamma kuwa ba ta komowa.

Mazan uku suka girma, suka yi aure, suka hayayyafa. Kada ya je gidan babban, ya tarar da yarinya tana wanka.

"'Yar wane dangi ce ke?"

"Tsuntsu."

Ya je gidan na biyu. "Damisa." Ya je gidan autan. Wata 'yar ƙarama, kamarsu ɗaya da Tihoki, ta ce, "Iska," ta ruga tana ihu wai dodo ya zo.

Ni duk sanda na kawo nan sai zuciyata ta karye. Mazan suka tsufa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan ba wanda ya sake ce masa Kawu.

Shi ya sa kuke ganin kada ya nutse duka, idanu kawai a waje, ba ya ko motsi. Hanyar jirgi yake duba.

Ƙurunƙus. Kan ɓeran ma yau na bar muku, ku tashi.