Ranar da Iska Ta Yanke wa Fausto

Akwai wani mutum a nan garinmu Viana, sunansa Fausto. Duk bakin tekun Cabedelo an san shi da hawan allo, irin wanda mutum ke ɗaura igiyoyin wata ƙatuwar laima a ƙugu, iska ta ja shi yana yanka raƙuman ruwa.

Allon Fausto siriri ne, dogo, mai tsinin wutsiya. Idan iskar arewa ta kankama ruwa ya yi tudu, gefen allon kan kama ruwa sosai, ya juya duk inda aka nufa da shi. Sai dai ba ya jure iska mai rauni. Da ta lafa sai ya fara nutsewa ƙarƙashin ƙafar mai shi.

Mijin ƙanwarsa, Telmo mai gidan burodi, da girmansa ya shiga wasan. Mutum ne mai jiki, don haka ya sayi gajeren allo mai faɗi da kauri, wanda ko iska kaɗan ce yakan taso saman ruwa. Aibinsa ɗaya: idan teku ta yi fushi sai ya dinga tsalle, juyawa kuma sai da lallashi.

Fausto bai taɓa barin sa ya sha iska ba.

"Mai burodi, yau ma da ƙofar shagon naka ka zo?" Haka yake faɗa a gaban mutane.

Telmo yakan yi dariya ya ce, "Yaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Wata Asabar da yamma, jama'a suka fara naɗe laimominsu domin iska ta soma ja da baya. Fausto kuwa ya hango manyan raƙuman ruwa suna tasowa can wajen bakin kogi, ya ɗauki allonsa.

Telmo ya sha gabansa. "Yaya, iskar nan tafiya za ta yi, ga ruwa yana janyewa. In dole sai ka shiga, ɗauki nawa."

"Ni in hau wannan? Lokacin da na fara wasan nan kana can kana kwaɓa fulawa. Matsa, don Allah."

Ya shiga. Ya hau raƙumin farko da kyau, har mutanen da ke gaɓa suka yi masa tafi. Yana komawa neman na biyu iska ta yanke. Allon ya nutse da shi har gwiwa, laimar ta yi lilo a sama, ta faɗo ruwa. Ya ja igiya, ya sake ja, ta ƙi tashi. Ruwan kogi da ke kwarara cikin teku ya fara tafiya da shi waje.

Ya gwada iyo, ruwan ya fi ƙarfinsa. Sanyi ya kama yatsunsa. Ya waiga ya ga mutanen gaɓa sun zama ƙanana. A karon farko cikin shekaru masu yawa, tsoron teku ya shige shi.

A gaɓa an kira masu ceto, aka ce jirginsu yana wani aikin, zai ɗan jima. Masu siraran alluna suka tsaya cirko-cirko, don sun san ba inda za su kai da wannan iskar.

Telmo ya ɗaga babbar laimarsa, ya ɗora nauyinsa a kan allon nan mai faɗi. A hankali allon ya taso, ya kama hanya.

Da ya isa, ya tarar Fausto ya rungume allonsa.

"Kwance laimar, ka saki allon nan ka kwanta a kan nawa," in ji Telmo. "Naka ba zai ɗauke ka ba."

"Telmo, allon nan..."

"Yaya, ko shi ko kai. Me zan je in gaya wa ƙanwarka?"

Fausto ya saki. Ya kwanta a kan allon Telmo, ya riƙe ɗamarar da ke ƙugun Telmo. Telmo ya shiga ruwa da jikinsa, laimarsa tana jan su da ƙyar, har ƙafafunsu suka taɓa yashi nesa da inda suka shiga.

Mutane suka rugo, aka lulluɓe Fausto da tawul, wata mata ta miƙa masa kofi mai zafi. Wani ya tambaya, "Wai me ya faru ne? Kamar kai?"

Telmo ya riga shi amsawa. "Iska ce ta ci amana. Ko wa ya shiga, abin da zai same shi ke nan."

Fausto ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sannan ya ɗaga kai.

"Rufa min asiri yake yi. Ya hana ni shiga, ya ba ni allonsa, na zage shi a gabanku. Telmo, ka yafe min."

Telmo ya kama shi ya tashe shi tsaye. "Tashi mu tafi gida, Yaya. Miyar kabeji na kan wuta, kuma ka san halin ƙanwarka in miyar ta huce."

Darasi: Kowane kaya da ranar amfaninsa, haka ma kowane mutum. Kada ƙwarewarka ta sa ka raina abin da ke hannun wani, ko ka toshe kunne ga shawararsa, domin ba ka san ranar da iska za ta juya ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai su ma su amfana.