Jan Waken da Auta Ba Ta Tafasa Ba

Auta tana ƙaunar mahaifinta ƙwarai, amma tana da hali guda: ba ta son aikin da zai tsayar da ita. In akwai gajeriyar hanya, ita za ta bi.

Da ciwon zuciya ya kwantar da Baba, likita ya sauya masa cima. Ya ce ya koma irin abincin mutanen gaɓar Bahar Rum: kifi, wake, ganye, tumatir da man zaitun, gishiri kaɗan. Yayar Auta ta kawo tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Auta takan zuba komai da safe, ta tafi shagon ɗinkinta, ta dawo ta tarar ya nuna.

Wata safiya Yaya ta gan ta tana juye busasshen jan wake cikin tukunyar.

"Ke Auta, jan wake sai an jiƙa shi, an tafasa sosai a wuta. Zafin tukunyar nan ba ya kashe dafinsa."

"Kai Yaya, kin fiye tsoro! Tukunyar da ke wuni tana aiki, wake ne zai gagare ta?"

Yaya na fita, Auta ta rufe murfi ta kama hanya.

Da yamma ta zuba wa Baba. Ya tauna a hankali, ya yi murmushi.

"Autata, yau wakenki da taurin kai, kamar mai shi."

Ta yi dariya. Ya cinye tas don kada ranta ya ɓaci.

Kafin ta gama wanke kwanuka amai ya sarƙe shi, gudawa ta biyo baya. Mai lafiya zai wartsake, amma zuciyar Baba ba ta ɗauka ba. Aka kai shi asibiti, bai dawo gida ba.

Ba wanda ya zarge ta. Yaya ma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Auta ta wanke tukunyar ta ɗora bisa kabad. Har yau, in kicin ya yi tsit, takan ji kamar murfin yana motsi a hankali. In ta ji ƙanshin man zaitun, sai ta ga Baba yana tauna, yana mata murmushi.

Darasi: na'ura tana rage wahala, amma ba ta ɗauke mana kula. Idan rai yana hannunka, kada ka tsallake ƙaramin mataki don sauri, kuma kada ka mayar da gargaɗi abin dariya. Wanda ke ƙaunarka zai ci abin da ka ba shi ba tare da tambaya ba.